Jar giya da cinyar rago

A shekarun da Maiduguri ta zama hedkwatar jiharmu, maigidana ba shi da zance sai na canjin wurin aiki. Akawu ne a ofishin ayyuka a Jimeta, ni kuma ina koyarwa a firamaren mishan. Abokansa duk sun koma can. Kullum ya dawo sai ya zagaya tsakar gida, ya zauna, ya sake tashi. Har ni abin ya shafa, na daina shuka komai a bayan ɗaki.

Wata rana ya shigo da kwalba biyu na jar giyar inabi daga kantin Turawa. Ya ce shugabansu, wani Bature injiniya, zai ci abinci a gidanmu ranar Asabar, kuma shi ke zaɓen masu tafiya.

"Da me ake shan ta?" na tambaye shi.

"Ke za ki gano. Mai kanti ya ce inabi iri uku aka haɗa, ɗaya don zaƙi, ɗaya don kauri, ɗaya don ƙamshi."

A garinmu burkutu muka sani, burkutu kuwa ba ya zaɓen miya. Muka buɗe kwalba ɗaya don gwaji. Kurɓar farko ta zo mini kamar nunanniyar ɗinya, sai ɗan tsami, daga baya bakina ya bushe kamar na tauna goro. Na soya giwan ruwa da na saya a bakin Binuwai, muka haɗa, sai ka ce cokali kake lasa. Da miyar yakuwa, tsami ya hau kan tsami. Da farfesu kuwa barkonon ya ninka zafi, har maigidana ya yi ta tari. Giyar tana raguwa, Asabar tana matsowa, na kasa zama wuri ɗaya.

Akwai wata Bafulatana daga unguwar Makama da ke kawo mini man shanu, Adda nake ce mata. Ta same ni ina kai da komo a madafa, na faɗa mata damuwata. Ta ja ƙwaryarta nesa da kwalbar.

"Ni ba na taɓa wannan, kin sani. Amma faɗa mini yadda yake a baki."

Na kwatanta mata. Sai ta ce:

"Abin da ke busar da baki maiƙo yake nema. Ki samu cinyar rago, ki shafa mai, ki sa kanumfari da masoro. Barkono kaɗan. Wuta kar ya yi yawa."

Haka na yi. Na gasa cinyar a hankali kan garwashi, na dafa shinkafa fara. Da na ɗanɗana da ragowar giyar, ɗacin ya kwanta, ɗanɗanon ɗinyar ya fito sosai, har da wani ƙamshi kamar na hayaƙin itace.

Baturen ya zo da la'asar sakaliya. Ya ci, ya ƙara, ya ce naman ya dace da giyar. Sauran hirarsa duk a kan yaƙin basasa ne da ƙarancin mai da lalacewar hanyar Numan. Maigidana yana ta murza hannu a gwiwa, yana jiran a ambaci Maiduguri. Har motarsa ta tashi ba a ambata ba.

Bayan damina aka kira shi ofis, aka ce Bauchi za shi. Bai yi murna ba, bai kuma ƙi ba. Muka ɗaure kaya a bayan babbar mota, na bar ɗalibaina a tsakiyar zango. Ba mu kai Gombe ba ya fara tambayar direba ko daga Bauchi ana saurin samun canji zuwa hedkwata.