Hudar da Gara Ta Yi a Danga

A gidanmu na unguwar Yara a Keffi, in an yi sallar isha'i aka ɗauke wuta, babu yaron da ke baƙin ciki. Can ƙarƙashin rumfar kwano muke taruwa, inda kakarmu Iya Kande ke da murhunta. Kullum akwai abin da ke kan wutar nan, ko doya tana gasuwa a gefen garwashi, ko tukunyar kunu tana tafasa. Iya ba ta iya tatsuniya hannu sake ba, sai tana juya wani abu da ludayi. Ni ce mai zama daf da ƙafarta, ba don na fi sauran jikoki biyayya ba, sai don ni ce mai shegen tambaya. Har suna ta raɗa mini, ta bar kirana Hadiza, wai 'Yar Jarida.

A daminar da nake son ba da labarinta, kunun kanwa ne kan murhun kusan kullum, kuma ba namu ba ne. Na Goggo Rabi ne, ƙanwar babanmu. Ta zo gida wankan jego daga Garaku, inda take aure, ba ta koma ba, aure ya mutu. Abin da ya kashe shi ban sani ba, na tambaya an ce in rufe bakina. Abin da na sani shi ne Goggo ta rantse ƙafarta ba za ta ƙara taka Garaku ba.

Jaririyarta sunan uwar mijin aka sa mata, muna kiranta Walida. Tsohuwar kuwa tana kwance da ciwon ƙafa, ba ta iya shiga mota, kullum kukanta a kai mata takwararta. Manya suka zauna suka yanke cewa duk Juma'a da yamma Malam Sale, uban yarinyar, zai zo da ƙanwarsa su ɗauke ta, su dawo da ita ran Lahadi. A can madarar gwangwani suke ba ta a kwalba. Kowa ya ce an yi adalci, an raba daidai.

To ni dai abin da idona ya gani daban ne. Ran Asabar sai in ga gaban rigar Goggo ya jiƙe sharkaf, tana tafiya a dafe da ƙirji tana cije leɓe. Ta samo wani tsohon ɗankwali ta ɗaure ƙirjin tam, wai kada nonon ya zube a banza, tana tara wa Walida ne. Ran Lahadi kuma in an dawo da yarinyar, wata maƙwabciyarmu ta ce wa Goggo nonon da ya kwana biyu ya yi tsami, kada ta ba ta sai gobe. Da tafiya ta yi tafiya, Walida ta fara kau da kai daga nonon, ta saba da kwalba mai zuba ba wahala. Rigar Goggo ta daina jiƙewa. Yarinya ta kama zawo, wuyanta ya yi siriri. Na ji Goggo da kunnena tana ce wa mahaifiyata, cikin kuka, "Yaya, nonon nan ƙafewa yake yi, kuma ko wata biyar ba ta cika ba."

Na je na sami Iya. Na ce, "Iya, in an tara nono ba yawa zai yi ba? Ai ni in na tara kuɗin makaranta yawa suke yi."

Ta harare ni ta ce, "Nono ba asusu ba ne, 'Yar Jarida. Tashi ki miƙo mini itace."

Ta faɗa wa Goggo haka nan, ta kwance mata ɗankwalin, ta sa ta riƙa tatsewa. Amma Iya ta san tatsa da hannu ba ta kai bakin yaro ba, kuma ta san 'yarta, in an ce mata gabas yamma take yi.

Wata Juma'a Malam Sale ya makara, ya iso da magariba, ruwa kuma ya tsuge. Dole ya zauna a zaure shi da ƙanwarsa suna jira ya tsagaita. Zauren nan taku kaɗan ne daga rumfar Iya, ɗakin Goggo kuma yana ɗaya gefen, labule kawai. Iya ta dubi zaure, ta dubi labule, ta gyara zama. A daren nan muryarta ta fi ta kullum ƙarfi, na ɗauka saboda ƙarar ruwa a kan kwano ne.

"Ga ta nan, ga ta nanku," in ji ta, "mai kunnen ƙashi ya matsa ya ba mai ji wuri."

Muka ce, "Ta zo mu ji ta!"

Wai an yi wasu wa da ƙane da ubansu ya mutu ya bar musu gida ɗaya da akuya ɗaya mai ciki. Suka ɓata, suka kafa dangar kara a tsakiyar gida. Da akuya ta haihu aka zo rabo, wan ya ɗauki uwar, ƙanen ya ɗauki ɗan. Ƙanen ya dama dusa da ruwa yana ɗura wa ɗan akuya, yana cewa nasa ne ai, ya san yadda zai yi da shi. Wan kuma ya ƙi tatsar uwar, yana murna hantsa tana cika, yana jiran ranar kasuwa ya cika babbar ƙwarya. Dare ya yi, uwa tana kuka ta wannan gefe, ɗa yana amsawa ta wancan. Iya ta iya kukan nan guda biyu, ɗaya mai kauri ɗaya siriri, har ƙanena ya fashe da dariya. Ranar kasuwa ta zo, wan ya durƙusa da ƙwaryarsa, ko ɗigo bai samu ba. Ɗan akuya kuwa ya zama ƙashi da fata.

Na ce, "Iya, to ina nonon ya tafi?"

Ta ce, "Ya koma inda ya fito. Shi baƙo ne mai zuciya, in ya zo bai tarar da mai kiransa ba, gobe ba ya dawowa."

Ta ci gaba. Wai duk wannan abu gara tana ƙarƙashin danga tana ji, kukan ya hana ta barci. Sai ta tara 'ya'yanta suka ci gindin kara, suka yi 'yar huda daidai kan ɗan akuya. Da safe ya zura kansa, uwar ta matso ta jingina da danga. Ranar farko tsotson banza ya yi. Bai fasa ba, ita ma ba ta matsa ba, har nono ya ji ana kira ya fara dawowa. Wan ya ga hudar, ya ɗauke kai kamar bai gani ba. Ƙanen ma ya gani, ya shiga ɗaki abinsa.

Na ce, "Daga nan sai suka shirya?"

"Wa ya gaya miki? Har suka tsufa ba sa gaisawa. Amma awaki sun cika gidan, gefe da gefe."

Muka zauna muna jiran ƙurunƙus. Iya ta ɗaga ludayi ta duba kaurin kununta, ta ce yau babu ƙurunƙus, kan ɓeran yana hannun wasu, su suka san lokacin da za su sake shi. Na buɗe baki zan tambayi su waye, mahaifiyata ta mintsine ni.

Ruwa ya ɗauke. Malam Sale ya yi gyaran murya daga zaure, ya ce, "Iya, dare ya yi, a bar yarinyar ta kwana. Gobe na dawo." Sannan ya ƙara da cewa, kamar da bango yake magana, maƙwabciyarsu Mama Ladi tana da ɗakin da ba kowa, katanga ɗaya ce tsakaninsu.

Washegari da safe na ga Goggo ta yafa mayafi ta goya Walida, jaka a hannu. Na ce, "Goggo, ba kin rantse ba?" Ta ce in ban wuce na ba ta wuri ba sai ta fasa mini baki. Kaffara ta yi daga baya, na ga tana azumi bayan yaye.

Haka aka yi ta yi. Duk Asabar ta shiga motar hanyar Akwanga ta sauka a Garaku, ta wuce ƙofar gidan da ta bari ba ta waiwaya, ta shige gidan Mama Ladi, wata mai sayar da manja, Bamadiya ce a ƙabila. Yarinya ta wuni a gadon kakarta, in ta yi kuka a zagayo da ita ta sha, a mayar. Da yamma su dawo Keffi tare. Nono ya dawo a hankali, Walida ta yi kumatu, aka jefar da kwalbar. Ni kuwa kowane mako jira nake a ce an mayar da aure, don a tunanina can ne labari ya kamata ya ƙare. Ba a mayar ba. Malam Sale ya yi wani auren, Goggo ma ta yi nata bayan an yaye Walida.

Na daɗe ina ɗauka da Malam Sale kaɗai Iya take a daren nan. Sai da na haifi ɗana na fari, na ji yadda ƙirji ke ɗaukar zafi in yaro ya wuce lokacinsa, na gane rabin tatsuniyar ta 'yarta ce. Na kuma gane me ya sa Iya ta ƙi shirya wa da ƙanen nan. Da ta ce sai an shirya ɗan akuya zai sha, da babu wanda zai motsa, ba na zaure ba, ba ta bayan labule ba. Iya ta rasu ban gaya mata na gane ba, abin yana damuna har yau.

Bara, ana shirin bikin Walida, muna zaune da Goggo muna tsintar shinkafa, halina ya motsa. Na tambaye ta yadda ta iya wucewa ta ƙofar gidan nan mako bayan mako, har da lokacin da amarya ta tare a ɗakinta.

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Ta ce, "Ba Asabar ɗin da ban yi kuka a mota ba, har direbobin sun san ni. To ya zan yi? Ni aka saka, Hadiza. Ita Walida ba a sake ta ba, kuma yunwa take ji."