Layin Tokar Baba Maimaita

Duk wanda ya taɓa shiga gidanmu a Bakura da sassafe ya ga surukina, Baba Maimaita, duƙe da kaskon toka yana zagaye rijiya da layi. Kullum fa! Yana gamawa ya karkaɗe hannu ya ce, "Nan sararin soja ne. Ba mai shiga sai da izini."

Ni karatuna bai wuce firamare a Jangebe ba. Da aka kawo ni gidan na ɗauka tsufa ne ya taɓa shi. Shi ya zaunar da ni ya yi mini bayani: ashe sama ma tana da iyakoki kamar gona, akwai wuraren da aka ware wa jiragen soja, jirgin fasinja bai isa ya ratsa ba. Aikinsa kafin ya yi ritaya shi ne koyar da masu zama a hasumiyar filin jirgi yadda za su kewayar da matuƙan jirgi daga irin wuraren nan. Ya bar aikin, amma aikin bai bar shi ba.

Kun san inda ya samo sunansa. Ranar farko ya ce, "Ɗiyata, a dama mini kunu, ban da sukari."

Na ce, "To, Baba."

"To ba amsa ba ce! Mi na ce? Maimaita!"

Inna, matarsa, kaɗai ta iya da shi. Sai ta ɗaga murya daga madafa: "Kunu, ban da sukari, ban da surutu!"

Ya ce, "Kashi biyu daidai. Na ukun ƙarinki ne."

Ga taurin kai! Hanyar gonarsa ta rani, in ka yanke ta cikin albasar Malam Garba, taku kaɗan ne. Wata Talata Malam Garba ya tafi kasuwar Mafara, Baba ya tsaya bakin kunyar albasar yana ta sallama, ba kowa. Haka ya kewaya ta bakin magudanar ruwa, da ciwon gwiwarsa, sai dab da azahar ya dawo gida. Malam Garba da ya ji labari ya ce, "Haba Baba, na ba ka izini har abada!"

"Babu izinin har abada, Garba. Na jiya ba ya aiki yau."

Wani tsohon ɗalibinsa ya taɓa zuwa gaisuwa, Alhaji guda, ga mota, ga babbar riga. Zai ɗebi ruwan alwala, yana ganin tokar nan ya ja birki, ya ce, "Malam, ina neman izini." Mu muna ɗaki muna toshe baki. Baba kuwa har da gyara hula: "Wannan ya ci jarabawa."

Ni ce dai ɗalibar da ta fi ba shi wahala. Tunda ɗiyata Nana ta fara tafiya hankalina bai sake kwanciya ba, rijiyar nan nake gani ko ido na rufe. Wuni nake ina ihu: "Ke! Kar ki je can!" Baba ya ce, "Maman Nana, in kika ce wa matuƙi kar ya je can, to ina zai nufa? Faɗa mishi inda zai bi. Kuma ki sassauta murya, mai ihu ba a jin shi."

Na ce, "Yarinyar ce ba ta ji."

"Jirgi ba ya laifi. Mai ba shi hanya ake tambaya."

Ranar nan na zo ɗibar ruwa, na ji miya tana ƙauri, na ruga na bar murfin rijiyar a buɗe. Ina juyowa na hango Nana ta tsallake toka tana bin ɗan tsako. Na buɗe baki zan ƙwala ihu, Baba ya ɗaga mini hannu daga kan tabarmarsa. Da muryar nan tasa kamar mai tambayar gishiri ya ce, "Nana, juyo nan. Zo wurin Kaka, ga dabino." Ta tsaya. Ta juyo. Ta taho tana dariya.

Na zube ina kuka. Bai yi mini faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Murfi tukuna, miya daga baya."

Na ce, "Murfi tukuna, miya daga baya."

"Daidai."

Damina biyu ke nan da rasuwarsa. Ruwa ya wanke tokar, na sake zubawa, kullum. Jiya na ce wa Nana ta miƙo mini ludayi, ta riƙe ƙugu ta ce, "Mama, ke ma maimaita!" Sai da na shiga ɗaki na share ido.

Allah Ya jiƙan Baba. Yadda ya kewayar da bayinKa daga haɗari, Ya Allah Ka kewayar da shi daga wuta, Ka ba shi izinin shiga Aljanna, na har abada. Ku da kuka san shi, kar ku ce mini to. Ku maimaita: amin.