Inna Saude da Ramin da Ya Huce

An yi jana'izar Inna Saude bayan sallar la'asar, ranar Alhamis ɗin farko ta watan Zulƙida, a Tungar Makau da ke kan hanyar Yargalma, ƙaramar hukumar Bukkuyum. 'Yan bindiga ne suka harbe ta da hantsin ranar, a bakin ramukan takinta da ke bayan gari. Sun tafi da surukarta Mardiyya. Jikarta Khairat, 'yar Mardiyya mai shekara huɗu, ta tsira. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Inna, na fara ganinki a shekarar da gubar dalma ta yi ta kashe yara a yankin nan. Kin riga kin binne jikoki biyu, 'ya'yan Mardiyya na fari. Ma'aikata sun kankare ƙasar gidajen da aka niƙa duwatsun zinare a ciki, sun zuba sabuwa. Sabuwar ba ta da guba, amma ko kuɓewa ba ta fitarwa. Da mata suka ce za su ɗebo taki daga jujin gari kamar yadda aka saba, kika tare su. A jujin nan aka zuba sharar gidajen niƙa, kika ce, abin da ya kashe yara ba zai koma tukunyar miya ta hannunki ba. Kika sa aka haƙa ramukan taki biyu can bakin rafi, nesa da gidaje. Karan dawa, ɓawon gyaɗa, kashin awaki da toka kaɗai ke shiga. Mutane sun yi ƙorafin nisa. Ba ki matso da su ba.

Kowane rami an rufe shi da zana, kuma yana da sandar da kike sokawa har ƙasa. Ki zare ta, ki ɗora a bayan hannu. In da ɗumi, ba a ɗiba, kin gama magana. In ta yi sanyi, sai ki damƙi takin ki murza: ya zama baƙi, ya warwatse, ba a gane kara ba a gane ɓawo, yana ƙamshin ƙasa bayan yayyafin farko. Lokacin ne za ki aika gida-gida kowace mace ta zo da kwandonta, har da waɗanda ba su taɓa kawo ko ƙwaryar toka ba.

Wata shekara maƙwabciyarki Bilki ta gaji da jira, ta faki idonki ta ɗibi takin tun bai huce ba. Alayyafonta ya ƙone ƙurmus. Kika leƙa ta katanga kika ce, "Bilki, wanga alayyaho ke kin dahe shi tun bai tashi ba. Gishiri kawai ya rage." Ta ce rana ce. Kika ce, "Ashe rana gidanki kaɗai ta kwana." Da naki ya yi, ke kika kai mata na miya.

Bilkin ce ta ba ni labarin Alhamis, kuma abin da ta faɗa ya yi daidai da abin da mazan da suka ɗauko ki suka tarar.

Hadari ya fara haɗuwa, mata suna ta matsa miki ki buɗe ramuka. Kuka fita ku huɗu: ke, Mardiyya, Bilki da Khairat. Kika zare sandar ramin yamma, tana turiri. "Da zahi," kika ce, "ku bar shi." Kika zare ta gabas, kika ɗora a hannu, kika cusa hannun cikin takin har gwiwa. "Wanga ya nuna." Ba ki rufe baki ba kuka ji ƙarar babura ta hayin rafi.

Wanda ya san gonakinmu kafin damina ya san babu wurin ɓuya. Babu dawa, babu ciyawa, fili ne fetal. Bilki ta faɗa kwazazzabo. Mardiyya ta ruga ta nufi gari tana ihu don 'yan bindigar su bi ta su bar yarinyar. Ke kuwa kika yaye zanar ramin gabas, kika tona gurbi da hannu, kika kwantar da Khairat, kika rufe ta da taki zuwa wuya, kika mayar da zana. Sannan kika zauna a gefen zanar.

Sun kama Mardiyya kafin ta kai shingen farko. Uku daga cikinsu suka dawo kanki, don sun ga takalmin yarinya a ƙasa. "Tsohuwa, ina ɗiyar?" Kika ce, "Ta tahi gida." Ɗaya ya buge ki da gindin bindiga a fuska, haƙoranki suka zube. Wani ya taka miki hannu har Bilki ta ji karayar ƙashi daga inda take. Suka caccaki ramin yamma da adda, turiri da wari suka buso musu, suka yi harbi a ciki. Sai babbansu ya ce ki tashi daga inda kike zaune. Kika ce, "Ƙahwata ba ta ɗaukata." Ya maimaita. Ba ki motsa ba. Ya harbe ki a ƙirji, kika kife a kan zanar. Ba su tsaya ɗaga gawa ba, suka hau babura.

Da mazan gari suka iso suka ɗaga ki, sai suka sami Khairat idonta biyu, jininki ya ɗigo mata ta tsakanin zana har goshi. Ko ƙwarzane babu a jikinta. Ma'aikacin lafiyar da ya duba ta ya ce da a ramin yamma aka sa ta, zafi da tururi sun isa su kashe ta kafin a zo. Ramukan nan biyu kamarsu ɗaya, zanarsu iri ɗaya. Sandar da kika taɓa ce kawai ta raba su.

Allah Ya jiƙanki, Inna. Ya karɓi shahadarki, Ya sanyaya makwancinki, Ya haɗa ki da jikokin da suka riga ki. Ina miƙa ta'aziyya ga ɗanki Magaji, mijin Mardiyya, da 'yan'uwansa, da Bilki, da matan Tungar Makau baki ɗaya. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya Khairat, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Tun ranar, Khairat ba ta ce komai ba sai tambayar mahaifiyarta. Wani manomi da ya kuɓuto daga daji ranar Litinin ya shaida wa Magaji cewa ya ga wata mata mai kama da Mardiyya a raye, cikin waɗanda ake tsare da su. Har yanzu ba a tabbatar ita ce ba.