Ƙibar Yaya da miyar da ba gishiri

Ni fa ba ruwana da maganar nan, babur ɗina ne ya ja min. A gidanmu in kana da babur, to kai ne motar asibiti. Amma abin da ya faru, har na tsufa ba zan manta ba.

Yayata tana da ciwon nan mai hawa da sauka. Wani lokaci ta share gidanmu har da na maƙwabta, surutu kamar rediyo. Wani lokaci ta shige ɗaki, ko sallama ba ta amsawa. Da ta zo wankan jego abin ya tashi sosai, aka ɗora ta kan magani, ta natsu. Sai ga ƙiba, ga jin sanyi, ga mantuwa.

Goggo, ƙanwar Baba, ta ce, "Ku dubi kumatu. Mai ciwo yana ƙiba ne? Ta warke. Ƙwayoyin nan ne ke cinye mata kai, a zubar."

A wurinmu ƙiba ai shedar lafiya ce, har Inna ta fara gyaɗa kai. Yaya ta ce a tambayi likita tukuna.

Ina shirin zuwa kasuwar Dawanau lodi aka ƙwace ni in kai ta asibiti. Tana hawa na ce, "Yaya, buhun wake ya fi ki tausayin taya." Ta ranƙwashe ni. Amma a hanya ta riƙe rigata, ta ce a hankali, "Kar ka bari su raba ni da maganin nan." Daga nan na bar tsokana, na mai da hankali kan hanya.

Aka ɗebi jini. Da sakamako ya fito, likitar ta ce wani abu ne a wuya mai sarrafa ƙarfin jiki ya yi sanyi, haihuwa da maganin duk suna jawo haka. Ta ƙara wata 'yar ƙwaya, ta ce kar a kuskura a daina na farkon. Ranar na gane kumatu ba sa gaya maka halin da mutum yake ciki, shi za ka tambaya.

Na kawo wa Goggo bayani, ta taɓe baki. "Kai da ka gudu daga makaranta? Jiya fa miya ba gishiri yayarka ta kawo mana."

Yaya ta gyara goyonta, tana murmushi.

"Goggo, yanzu gishiri nake mantawa. Kafin maganin, yarinyar nan na manta a bakin rijiya. Gishiri dai ga shi can, ki ƙara da hannunki."