Ranar da Tsohon Kurkuku Ya Rufe Mu

A shekarar da aka sauke tutar Turawa ina goyon 'yata ta fari, ina sayar da koko da ƙosai a bakin hanyar da ta fito daga unguwar Changli ta nufi kasuwa. Bayan rumfata akwai tsohon kurkukun da Turawa suka gina farkon zuwansu Tamale, daga baya suka yi sabo suka bar shi kufai. Ginin dutse ne da jar ƙasa, tagoginsa ƙanana masu sandunan ƙarfe. Kakana na cikin waɗanda aka tilasta wa ɗauko duwatsunsa a ka, kuma har ya koma ga Allah ba ya bi ta gabansa. Da aka sami 'yanci mutane suka yi ta gardama, wasu su ce a rushe, wasu su ce a bar wa jikoki su gani. Ana wannan, gini yana ta tsagewa.

Wata ranar damina, bayan azahar, hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Iska ta yaye kwanon rumfata ta yi sama da shi. Kusa da ni akwai wata tsohuwa 'yar ƙabilar Dagomba mai sayar da man kaɗe, wadda nake kira Mma. Ita ta fizgi hannuna.

"Mu shiga ciki, 'yata, kwanon nan zai sare miki yarinya!"

Muka faɗa ɗakin farko. Duhu, da warin jemage. Ban gama gyara goyo ba iska ta bugo ƙofar ƙarfen, dutsen da ke kanta ya zamo ya danne ta. Na ja, na tura, na sa kafaɗa. Ko motsi.

Ruwa ya fara zuba ta rufi, sannan ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa har ya rufe mana idon sawu. A bangon baya akwai wata tsaga, ina kallo tana buɗe baki, laka tana zubowa daga cikinta kamar kunu. Yarinya ta tsandara kuka. Ni kuwa addu'ar da na sani tun ina ƙarama ta ɓace mini, sai sunan Allah kawai nake maimaitawa.

Mma ta ja ni jikin taga. Ta ce a ɗakin nan aka tsare mijinta saboda ya ƙi aikin hanya, ta wannan tagar take miƙa masa tuwo, kuma gawarsa aka fito mata da ita.

"Ban taɓa zaton zan ga cikinsa ba," in ji ta.

Muka yi ta ihu, ruwa yana haɗiye muryarmu. Can sai bangon baya ya rufta da wata ƙara da har yau nake jin ta a ƙirjina. Wata azara ta faɗo dab da ƙafata, rufin bayan ya sauko ya toshe gurbin bangon.

Ƙarar ce ta jawo wani maƙeri daga unguwar Nyohini da ya fake a tsallaken hanya. Ya leƙo ta taga, ya dubi rufin, ya ce, "Uwar ɗiya, miƙo ta tukuna."

Ban san shi ba. Na kwance goyona, na karkata kanta tsakanin sandunan, ƙarfe ya kuje mata kunne. Da na ji nauyinta ya bar hannuna sai na kama sandunan ina leƙen ta.

Ya ba wata mata yarinyar, ya tara maza. Suka ɗaura sarƙa a sandunan, suka haɗa da bayan wata motar gawayi, direba ya ja har tagar ta fito da dutsenta. Aka fara zaro Mma, sannan ni, zanena ya yage, laka har gashin kai.

Mma ta yi jinyar ƙirji har kaka, daga nan 'ya'yanta suka mayar da ita gida, Gbalahi. Ni na kwashe kaskona na koma ƙofar masallacin unguwarmu, can na ci gaba da suya har yarinyar ta isa aure.