Neman Mahaifin Malam Yusuf a Fim ɗin Kaboyi

Greensboro

Muna idar da sallar asuba na ɗauki Malam Yusuf a tasina, ana yayyafi. Baƙar fatar Amurka ne, dattijo, ya musulunta tun kafin in baro Damagaram. Yana goye mahaifinsa ya rasu, ko hoto bai bari ba. Abin da mahaifiyarsa ta gaya masa kawai, mahaifin ya yi sukuwa a wani fim ɗin kaboyi mai araha, a kan doki mai farin goshi. Ga shi ciwon suga yana cin idon Malam, likita ya ce ganin ya kusa tafiya. Shi ya sa ban tsaya jan rai ba da ya ce in kai shi neman fim ɗin.

McLeansville

Gari bai gama wayewa ba muka isa gidan wani mai tara tsofaffin finafinai. Matarsa ce ta buɗe ƙofa, ta ce ya rasu, kayan kuma suna wajen ƙanensa a Pleasant Garden. Muka sayi kofi da biskit a gidan mai. Kofin kamar ruwan wanki, amma Malam ya shanye.

"Malam, ko mu bari sai wani satin?"

"Idona ba zai jira wani satin ba, Sani. Mu je."

Pleasant Garden

Gidajen nan nesa da juna suke, ba ka ganin mai tafiya a ƙasa balle ka yi tambaya. Sai da hantsi muka gano gidan. Ƙanen, wani Bature mai yawan tari, ya kai mu garejinsa ya kunna majigi.

Jarumin fari, abokansa farare. Baƙi ɗaya ne ya fito, yana dafa musu wake yana zare ido. Can sai ga mahaya da gashin tsuntsu a ka, waɗanda a gida muke kira Indiyawan daji. Na hango mai farin goshi na ce, "Ga shi!" Kafin in rufe baki an harbe mahayin ya faɗo.

Baturen ya ce masu ƙaramin jari haka suke yi: duk wanda ya iya doki a shafa masa jan fenti ya zama Ba'indiye, ba a sa sunansa. Kuma faɗuwa ɗaya suke ɗauka su yi ta maimaita ta. Haka kuwa aka yi, kafin fim ya ƙare mutumin ya sake faɗuwa, ya kuma sakewa.

Aka tsayar da hoton. Malam ya matsa har hancinsa na taɓa bango.

"Ba na gani sosai. Sani, yana kama da ni?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na so in ce e, amma ban iya ba.

"Malam, ya juya baya. Ƙeyarsa kawai ake gani."

Ya ja da baya daga bangon. Sannan ya ce, "To, faɗa min yadda ƙeyar take."

Na faɗa masa: dogon wuya, faɗin kafaɗa, fentin bai kai bayan kunne ba, wajen nan baƙi ne wuluk.

Gida

Muka shigo Greensboro da la'asar. Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa Baturen da ya buɗe mana garejinsa. Da na tsaya a ƙofar gidan Malam bai sauka nan take ba. Ya kai hannu yana shafa bayan kunnensa.

"Daidai nan ka ce?"

Na ce, "Daidai nan, Malam."