Allon Surukata da Tafiyata Tagriss

Ɗana Isufu yana aiki a ƙasar Irland, can ya yi aure, bara kuma suka samu ɗiya. Bayan suna sai uwar matarsa ta aiko mini da tsaraba: allo na itace da ake ratayewa a bango. An sassaƙa hannuwa biyu riƙe da zuciya mai hular sarauta, da ganye mai kunne uku, da igiya mai sarƙaƙiya zagaye da baki. Isufu ya ce hannuwan zumunci ne, zuciyar ƙauna, hular kuma riƙon amana. Rubutun ƙasa addu'a ce ta gida ya yi albarka. Na kwana biyu ina tunanin abin da zan mayar don kada in ji kunya. Wani ɗan garinmu zai tashi zuwa can ranar Asabar, shi ya sa na shirya neman Agali, tsohon masassaƙin da aka ce ba kamarsa a Tagriss.

Talata: Dakoro zuwa Tagriss

Na idar da sallar asuba, ɗan kabu-kabu ya kai ni tasha a babur biyar da rabi. Motar ɗaukar kaya ce mai buɗaɗɗen baya, ba ta cika ba sai bakwai saura kwata. Direba ya ba ni gaba. A shingen jandarma aka duba takardunmu, ɗayansu ya ga ƙunshin da na rungume.

"Hajiya, mene ne a ciki?"

Na kwance masa. Ya juya allon, ya kira abokinsa, suka yi ta kallo har direba ya soma danna oda.

Daga nan sai rairayi da gonakin da aka gama girbi, shanu na cin kara. Mun tsaya bakin wata rijiya, na sayi nono da fura wajen wata Bafillata. Sha ɗaya da kwata muka shiga Tagriss.

Na tarar da Agali ƙarƙashin rumfa yana dafa shayi. Bayan gaisuwa na faɗi buƙatata.

"Hajiya, kin yi tafiyar banza. Ido ya yi rauni, shekara biyu ke nan ban taɓa gizago ba."

Na kwance ƙunshin allon. Na ce to ko kallo ya yi, na miƙa masa. Ya ɗora yatsa kan igiyar nan yana binta, ta nutse nan ta ɓullo can, har shayinsa ya ƙone.

"Ina ya ɓoye bakin zaren? Wannan ai dagi ne irin namu, sai dai ya fi namu wayo. Wa ya yi shi?"

"Wani masassaƙi ne a ƙasar Turawa."

"To ba zai ce babu masu hannu a Tagriss ba. Fatima, ɗauko mini guntun aduwar nan."

Matarsa Fatima ta sauke ni a ɗakinta. Da yamma muka ci tuwon hatsi da miyar kuka, ta yanko mini cuku.

Laraba: Tagriss

Bakwai na safe ya fara. Ya zagaye allon da dagi, a tsakiya ya fitar da ƙwaryar nono da zangarniyar hatsi biyu. Da yake bai iya boko ba, wani maƙwabcinsa malamin lakwal, wato makarantar boko, ya zana haruffan da gawayi, shi kuma yana bi da wuƙa. Ni na ba da addu'ar: Allah ya ba ku ruwan sama mai yawa, ya raya zuriya, ya sa baƙo ya kwana gidanku da murna.

Bayan la'asar na hau tudun da ake samun layi, na kira Isufu na karanta masa. Sai na ji yana dariya har da tari.

"Inna, nan fa kusan kullum ruwa ake yi. Rana suke roƙo."

Na sauko da sauri, amma Agali ya riga ya sassaƙa "ruwan sama". Da na gaya masa sai ya ajiye wuƙa.

"Akwai ƙasar da ake gajiya da ruwa?"

"Haka yaron ya ce."

"Ikon Allah. To su riƙa turo mana ragowar."

Fatima ta yi dariya har ta zauna ƙasa. Malamin lakwal ya goge "mai yawa", ya rubuta "daidai buƙata". Kafin magariba aka gama, Agali ya shafe allon da man shanu, itacen ya yi ja yana ƙyalli. Ya ce in gaya wa masassaƙin can ya nemi bakin zaren nasa dagin, in ya iya.

Alhamis: komawa gida

Shida da rabi Fatima ta rako ni bakin hanya da ƙullin cuku, ta ce na surukata ne. Na samu motar 'yan kasuwar dabbobi, na zauna gaba, awaki na kuka a bayana har Dakoro. Mun iso ana kiran azahar.

Kafin in cire mayafi mata sun cika tsakar gida, allon na yawo hannu zuwa hannu. Maigida ya sa tabarau ya karanta addu'ar a hankali, ya ce amin, sannan ya ce in nemo mazubi mai kyau don cukun, kada a riƙe bawan Allah mai kai saƙon a filin jirgi saboda wari.

Ranar Juma'a na damƙa saƙon a hannun matafiyin. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Fatima da ta ba ni gadonta ta kwana a tabarma. Agali kuwa, direban Tagriss ya gaya mini ya gan shi a kasuwa yana zaɓen itace.